Tabbatar da Daidaituwar Jumloli a Ilimin Manɗiƙi: Ƙa'idar Musanya da Ake Tsallakewa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ake tabbatar da cewa jumloli biyu daidai suke a manɗiƙin jumloli. Hanyoyi uku aka fi koyarwa: jadawalin gaskiya, sarƙar dokoki, da cirato kowace jumla daga 'yar'uwarta. Da'awar takardar ita ce, kurakuran da suka fi muni a hanya ta biyu ba daga mance doka suke tasowa ba. Suna tasowa ne daga rashin sanin ƙa'idar musanya, wadda ita ce take halatta kowane mataki na sarƙar, amma ba kasafai ake tsayawa a kanta a aji ba. An warware misalai dalla-dalla, an nuna inda ƙa'idar take aiki da inda take tsayawa, sannan an taɓo halin da mas'alar take shiga idan haruffa suka yi yawa har aka miƙa wa kwamfuta aikin.

1.0 Gabatarwa



Jumla, a ma'anar da za mu yi aiki da ita, ita ce maganar da za a iya gaskatawa ko a ƙaryata. "An yi ruwa jiya" jumla ce. "Rufe ƙofa" ba ta shiga wannan fage, domin ba a ce wa umarni gaskiya ne ko ƙarya ne. Ana wakiltar jumloli da haruffa, p, q, r, a kuma haɗa su da alamomi biyar: ¬ ta korewa, ∧ a madadin "kuma", ∨ a madadin "ko", → a madadin "idan... to...", sai ↔ wadda take nufin sharaɗi ta fuska biyu. Alamar ∨ tana karɓar gaskiyar ɓangare ɗaya, tana kuma karɓar gaskiyar duka biyun. Ita kuwa p → q ba ta zama ƙarya sai a hali ɗaya tak: p ta tabbata, q ta ƙi tabbata.

Jumloli biyu, A da B, sun daidaita idan babu wani hali da ɗaya za ta zama gaskiya ɗayar ta zama ƙarya. Abin nufi da hali shi ne raba wa kowane harafi gaskiya ko ƙarya. Ana rubuta wannan A ≡ B.

Tun daga nan akwai abin lura. Alamar ≡ ba ɗaya take da ↔ ba, duk da kusancinsu. A ↔ B jumla ce kamar sauran jumloli, tana iya zama gaskiya a wannan hali, ƙarya a wancan. A ≡ B kuwa hukunci ne da muke yankewa a kan jumloli biyu bayan mun duba dukkan halaye. Alaƙarsu ita ce: A ≡ B ta inganta idan A ↔ B gaskiya ce a kowane hali, ba ta kuma inganta sai da hakan. Wanda ya cakuɗa su zai rubuta p ↔ q ↔ r yana zaton ya ce ukun ƙimarsu ɗaya. A ba p gaskiya, a ba q da r ƙarya: p ↔ q ta fito ƙarya, ƙarya kuma ta yi daidai da r, sai jumlar gaba ɗaya ta fito gaskiya, alhali ukun ba su daidaita ba.

2.0 Tushen mas'alar

Mas'alar ta girmi alamomin da muke rubuta ta da su. A Girka, Chrysippus da mabiyansa a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sun yi nazarin hujjojin da ake ginawa da cikakkun jumloli, saɓanin Aristo da ya fi mayar da hankali kan sassan jumla guda. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya faɗaɗa bahasin ƙiyasin sharaɗi sosai. A ƙarni na 13, al-Katibi ya kawo lazimtar jumlolin sharaɗi ga juna a littafinsa Shamsiyya, inda ya nuna cewa jumlar "idan... to..." tana lazimtar jumlar "ko dai... ko..." iri biyu: wadda take hana sharaɗin haɗuwa da kishiyar sakamako, da wadda take hana a rasa ɗayan biyu, kishiyar sharaɗin ko sakamakon kansa. Da alamominmu, wannan ya yi kusa da cewa p → q tana tafiya da ¬(p ∧ ¬q) da kuma ¬p ∨ q. Na ce kusa, domin sharaɗin da suke magana a kai mai ɗauke da alaƙa ce ta dole tsakanin sassan biyu, namu kuwa ƙimar gaskiya kawai yake dubawa.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Al-Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, ya kuma yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare halascin karanta shi. Wanda ya karanta littafin Sullam na al-Akhdari a zaure ya riga ya san cewa "ko" kashi uku ce: mai hana haɗuwa, mai hana rasa duka, da mai hana duka abubuwan biyu. Alamarmu ta ∨ ita ce ta tsakiyar.

Abin da Turai ta ƙara shi ne lissafi. George Boole, a 1847 da 1854, ya mayar da haɗa jumloli wani nau'in aljabara. Augustus De Morgan ya fitar da littafinsa na manɗiƙi a 1847, dokoki biyu na korewa kuma suka ɗauki sunansa, ko da yake William na Ockham ya faɗe su da kalmomi tun ƙarni na 14. Jadawalin gaskiya ya yaɗu ne bayan ayyukan Emil Post da Ludwig Wittgenstein na 1921.

3.0 Jadawalin gaskiya

Wannan hanya ba komai ba ce face bin ma'anar daidaituwa kai tsaye. A jera dukkan halaye, a lissafa ƙimar kowace jumla, a gwada. G na nufin gaskiya, Ƙ na nufin ƙarya:

p | q | p → q | ¬p ∨ q
G | G | G | G
G | Ƙ | Ƙ | Ƙ
Ƙ | G | G | G
Ƙ | Ƙ | G | G

Ginshiƙai biyu na ƙarshe sun zo iri ɗaya a layuka huɗu, saboda haka p → q ≡ ¬p ∨ q. Magana ta ƙare. Hanyar ba ta bukatar dabara, ba ta kuma taɓa barin mutum ba amsa.

Tsadarta ce matsala. Haruffa biyu layi 4, uku layi 8, goma layi 1,024, ashirin layi 1,048,576. Kowane sabon harafi yana ninka aikin. Da haruffa 64, na'urar da take duba layi biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa za ta haura shekara 580 ba ta gama ba.

Sai dai wannan tsada ta tabbatarwa ce kawai. Rushe da'awar daidaituwa layi ɗaya yake bukata, kuma ba sai an zana jadawalin ba kafin a same shi. A ɗauki da'awar cewa (p ∨ q) → r daidai take da (p → r) ∨ (q → r). Ido yana son ya yarda, domin kamar an raba r ne ga sassan biyu. Amma kama da wane ba ta wane. Mu nemi halin da zai ƙaryata ta hagu: dole r ta zama ƙarya, p ko q kuma ta zama gaskiya. A ba p gaskiya, q ƙarya, r ƙarya. Ta hagu ta faɗi. A dama kuwa, p → r ƙarya ce, amma q → r gaskiya ce tunda sharaɗinta bai tabbata ba, sai ∨ ta ɗauki gaskiyar. Hagu ƙarya, dama gaskiya: ba su daidaita ba. A ganina wannan farauta ta layi ɗaya ita ya kamata ɗalibi ya fara ƙwarewa a kai, domin wanda bai iya ta ba zai ɓata rabin lokacin jarrabawa yana neman hujjar abin da ba gaskiya ba ne.

4.0 Sarƙar dokoki

A hanya ta biyu ana riƙe wasu daidaituwa kaɗan da jadawali ya riga ya tabbatar, a riƙa sauya siffar jumla da su mataki-mataki har a isa ga ɗayar. Waɗanda za mu bukata su ne dokar sharaɗi da muka gani a sama, dokar rabawa wadda take cewa (A ∨ C) ∧ (B ∨ C) ≡ (A ∧ B) ∨ C, da dokokin De Morgan: ¬(A ∨ B) ≡ ¬A ∧ ¬B, da ¬(A ∧ B) ≡ ¬A ∨ ¬B.

Ga abokiyar (p ∨ q) → r ta gaskiya:

(p → r) ∧ (q → r)
≡ (¬p ∨ r) ∧ (¬q ∨ r), da dokar sharaɗi sau biyu
≡ (¬p ∧ ¬q) ∨ r, da dokar rabawa
≡ ¬(p ∨ q) ∨ r, da dokar De Morgan
≡ (p ∨ q) → r, da dokar sharaɗi

Matakai huɗu a maimakon layuka takwas, kuma sun nuna abin da jadawali ba ya nunawa, wato dalilin da ya sa "ko" ta koma "kuma". Sharaɗi korarre ne a ɓoye, korewa kuma tana juya ∨ ta zama ∧. Manomi ba ya bukatar alama kafin ya yarda da sakamakon: cewa "idan an yi ruwa ko an yi ban-ruwa shuka za ta tsiro" daidai yake da yin alkawari biyu, ɗaya a kan ruwan sama, ɗaya a kan ban-ruwa.

Wani zai ce, to idan dabara ta ƙare wa mutum a tsakiyar sarƙa fa? Akwai hanyar da ba ta toshewa. Kowace jumla ana iya kai ta, da dokokin nan da 'yan'uwansu, ga siffa ta bai-ɗaya wadda take jera halayen da jumlar take gaskiya a cikinsu. Misali p → q tana komawa (p ∧ q) ∨ (¬p ∧ q) ∨ (¬p ∧ ¬q). Jumloli biyu da suka daidaita za su sauka a siffa ɗaya, in ban da bambancin jeri. A kai A can, a kai B can, a juya sarƙar B a haɗa ta da ta A. Wannan shi ne tabbacin cewa duk abin da jadawali ya amince da shi, sarƙa ma za ta kai gare shi. Tsawon ne dai ba a lamunce ba, domin siffar nan jadawali ce da aka rubuta a kwance.

5.0 Ƙa'idar musanya

A sake duba mataki na uku na sarƙar da ta gabata. Dokar De Morgan magana take yi a kan ¬p ∧ ¬q ita kaɗai. Mu kuwa mun yi aiki da ita a cikin jumla mafi girma, muka taɓa ɓangare ɗaya muka bar "∨ r" yadda take. Wa ya ba mu izini? Dokar ba ta ba mu ba. Izinin daga wata ƙa'ida yake, wadda take cewa: idan A ≡ B, kuma A tana cikin jumla C, to jumlar da za a samu bayan an cire A an saka B daidai take da C.

Hujjarta gajera ce. Ƙimar kowace jumla mai sassa tana rataye ne kacokan a kan ƙimar sassanta na kusa. Alamar ∧ ba ruwanta da siffar abin da yake damanta ko hagunta, G ko Ƙ kawai take gani. To idan A da B ƙimarsu ɗaya a kowane hali, haka ¬A da ¬B, haka A ∧ D da B ∧ D, haka ga sauran alamomin. Sai a hau daga wurin da aka yi musanyar zuwa jumlar da ta ƙunshe shi, daga ita zuwa wadda ta ƙunshe ta, har a kai kan C. Ba ta wuce rabin allo ba. Wataƙila sauƙin nata ne ya sa ake wuce ta, sai ɗalibi ya tashi da ɗabi'ar musanyawa ba tare da ya san sharaɗinta ba. Kurakurai uku ne suke biyo bayan haka, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi haɗari shi ne saka mataki mai fuska ɗaya a inda ake bukatar mai fuska biyu. Gaskiya ne p tana fitowa daga p ∧ q. Ɗalibi ya haddace wannan, ya ga (p ∧ q) → r, sai ya share q ya rubuta p → r. A saka magana a ciki a ji: "idan ɗalibi ya biya kuɗin makaranta kuma ya ci jarrabawa, za a ba shi takardar shaida" ta koma "idan ya biya kuɗin makaranta za a ba shi takardar shaida". Layin da ya rushe ta shi ne p gaskiya, q ƙarya, r ƙarya. Haka abin yake a ƙarƙashin korewa: ¬(p ∧ q) ba ta ba da ¬p, domin wanda ya ce "ban sayi gero da dawa duka ba" yana iya kasancewa ya sayi geron. Abin da ya sa kuskuren yake da wuyar kamawa shi ne, wani lokaci matakin yana wucewa lafiya. Daga r → (p ∧ q) ana iya cirato r → p ba matsala. Ɗalibi ya gwada sau ɗaya ya ci, sai ya ɗauka doka ce. Alhali abin yana da tsari: mataki mai fuska ɗaya yana tafiya yadda yake a gurbin da ba a kore ba, yana juyawa baya a ƙarƙashin korewa ɗaya ko a gurbin sharaɗi, yana sake miƙewa idan korewar ta zama biyu, a ƙarƙashin ↔ kuwa ba ya tafiya ko ta ina. Ko a inda ya wuce lafiya, abin da aka samu lazimta ce, ba daidaituwa ba, don haka ba shi da gurbi a sarƙar ≡.

Na biyu gado ne daga aljabarar sakandare. Ɗalibi ya rubuta abin da aka ce ya tabbatar, ya riƙa yi wa ɓangarorin biyu aiki iri ɗaya har su zama abu ɗaya, ya ja layi biyu a ƙasa. Da wannan salo ana iya "tabbatar" da cewa p ≡ q. A liƙa wa kowane ɓangare "∧ (p ∧ q)". Hagu ta zama p ∧ (p ∧ q), wadda ita ce p ∧ q. Dama ta zama q ∧ (p ∧ q), ita ma p ∧ q. Ɓangarorin sun haɗu, da'awar kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ƙa'idar musanya ta ce daga A ≡ B ana samun A ∧ D ≡ B ∧ D. Ba ta ce ana dawowa ba, kamar yadda ba a cewa 3 da 5 ɗaya ne don sifili ya ninka su sun fito daidai. Sauƙaƙa kowane ɓangare shi kaɗai har su haɗu a tsakiya halas ne. Ƙara wa duka biyun abu sannan a soke shi ne ba ya inganta.

Na uku cakuɗa musanya ne da wata ƙa'ida mai kama da ita, ta cike gurbin harafi. Idan doka ta tabbata da p, ana iya saka kowace jumla a gurbin p, da sharaɗin a saka ta duk inda p ta fito. Musanya kuwa ana iya yin ta a wuri ɗaya a bar saura, amma sai da jumlar da ta daidaita. Jumlar p ∨ ¬p gaskiya ce a kowane hali. A saka q a gurbin p ta farko kawai, sai a sami q ∨ ¬p, wadda take faɗuwa idan p gaskiya ce q ƙarya.

Ƙa'idar kuma tana da bakin iyaka, kuma hujjarta ce take nuna shi. Ta ginu ne a kan cewa alamomin ƙima kawai suke gani. Da zarar an shigo da abin da yake duba fiye da ƙima, ta tsaya. "Ɗalibin ya san cewa A" ba ta ba da "ɗalibin ya san cewa B" ko da A ≡ B, in ba haka ba da duk wanda ya san p ∨ ¬p ya san kowace jumla tabbatacciya, da kuma babu bukatar jarrabawa. Gottlob Frege ya tattauna irin wannan gurbi a maƙalarsa ta 1892.

6.0 Ciratowa ta fuska biyu

Hanya ta uku ita ce wadda Gerhard Gentzen da Stanisław Jaśkowski suka tsara, kowa daban, a wajen 1934. A ɗauki A a cirato B da ƙa'idojin istinbaɗi, sannan a ɗauki B a cirato A. A nan matakai masu fuska ɗaya halas ne, domin an biya kuɗinsu da yin tafiyar sau biyu. Tun a 1921 Post ya nuna cewa tsarin ciratowa na Whitehead da Russell yana kaiwa ga duk jumlar da jadawali ya tabbatar, kuma haka tsarin Gentzen yake.

Amfanin wannan hanya yana bayyana a daidaituwar p → q da ¬q → ¬p. Tafiya ta farko: muna da p → q. Mu ƙaddara ¬q. Mu ƙara ƙaddara p, sai q ta fito, ta yi karo da ¬q. Saboda haka ¬p. An gama. Dawowa: muna da ¬q → ¬p. Mu ƙaddara p. Mu ƙara ƙaddara ¬q, sai ¬p ta fito, ta yi karo da p. Abin da muka samu shi ne ¬¬q. Kafin mu ce q, sai mun ɗauki wani mataki da tafiya ta farko ba ta bukata ba, wato cewa korewar korewa tabbatarwa ce. A jadawali ginshiƙan biyu iri ɗaya ne, babu alamar cewa fuska ɗaya ta fi ɗaya tsada. Ciratowa ce ta tona hakan.

Ba ƙaramin abu ba ne. L. E. J. Brouwer ya ƙi amincewa da wannan mataki a matsayin doka ta kowane hali a lissafi, ɗalibinsa Arend Heyting kuma ya tsara manɗiƙin da babu shi a 1930. A wancan tsari, ¬p ∨ ¬q ba ta fitowa daga ¬(p ∧ q). Ashe idan muka ce jumloli biyu sun daidaita, akwai tambayar da ta rage: a wane manɗiƙi?

Ga misalin da yake sa mutum ya ɗan tausaya wa Brouwer. Sarƙa irin ta sashe na 4 tana nuna cewa (p ∧ q) → r ≡ (p → r) ∨ (q → r), domin duka biyun suna komawa ¬p ∨ ¬q ∨ r. To a ce, "idan an saka batir kuma an danna makunni, tocila za ta kama." Kowa ya yarda. Daidaituwar ta tilasta mana cewa ko dai saka batir ya kai ga kamawa, ko danna makunni ya kai ga kamawa, kunne kuma yana jin duka biyun ba haka ba ne. Lissafin ba shi da aibi. A duk halin da tocilar ba ta kama ba, ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu bai tabbata ba, jumlar da ta rataya a kansa kuwa gaskiya ce a ma'anar →. Abin da misalin ya nuna shi ne "idan" ta bakin mutane tana ɗauke da sababi, → kuwa ba ta ɗauke da shi. A tsarin Heyting, jumlar dama ba ta fitowa daga ta hagu.

7.0 Idan aikin ya koma hannun na'ura

A 1937 Claude Shannon ya nuna a kundin digirinsa na biyu a MIT cewa makunnai biyu a jere suna aikin ∧, biyu a kafaɗa da kafaɗa suna aikin ∨. Daga nan daidaituwa ta zama maganar kuɗi. Da'irar (p ∧ r) ∨ (q ∧ r) makunni huɗu take ci, (p ∨ q) ∧ r uku, aikinsu kuma ɗaya. Duk injiniyan da ya cire ƙaramar da'ira daga cikin babba ya saka wadda ta fi ta araha, da ƙa'idar musanya yake aiki, ya sani ko bai sani ba.

Da'irorin yau suna da ɗaruruwan mashigai, jadawali ba ya ko kusantar su. Ana juya tambayar ne: shin akwai halin da zai gaskata ¬(A ↔ B)? In babu, sun daidaita. In akwai, ga layin da ya raba su. Manhajojin da suke wannan bincike jikokin hanyar da Davis, Logemann da Loveland suka wallafa ne a 1962. Randal Bryant kuma ya kawo wata dabara a 1986, ta zana kowace jumla a siffar da ba ta da ta biyu muddin an tsayar da jerin haruffa, sai gwada jumloli ya koma gwada zane biyu. Dabarun suna cin nasara a aikin yau da kullum, amma kowace tana da jumlolin da suke kayar da ita, kamar yadda da'irar ninka lambobi take kumbura zanen Bryant ko yaya aka jera haruffan. Aikin Stephen Cook na 1971 ya bayyana girman abin: samun hanya mai sauri da za ta yanke hukuncin daidaituwa ga kowace irin jumla zai warware mas'alar P da NP, ɗaya daga cikin mas'aloli bakwai da Cibiyar Clay ta sa wa ladan dala miliyan ɗaya kowace a 2000.

8.0 Kira ga masu koyarwa

Ina roƙon abokan aikina da suke koyar da wannan darasi, a sashen lissafi ne ko kwamfuta ko falsafa, su ware wa ƙa'idar musanya zama guda cur, da hujjarta a kan allo, kafin a raba wa ɗalibai jerin dokoki. A riƙa cakuɗa da'awoyin ƙarya a cikin tambayoyin, a ce "tabbatar ko ka rushe", domin tambayar da take farawa da "nuna cewa" ta riga ta ba da rabin amsa, tana kuma koya wa ɗalibi ya isa layin ƙarshe ko ta halin ƙaƙa. A tilasta rubuta sunan doka a gefen kowane mataki, tare da ja wa ɓangaren da aka taɓa layi. Idan aka zo duba takardu kuma, sarƙar da aka cusa wa mataki mai fuska ɗaya kada a ba ta makin hujja, ko da layinta na ƙarshe ya fito daidai.